Kuɗin ƙofa a wuraren wasa: wanda bai hau ba zai biya kamar wanda ya hau?

 

Ya ku ƴan'uwa, mas'alar da muka ɗauko a wannan karo wani zai ga ba ta kai a kawo ta masallaci ba, domin magana ce ta lilo da dawakin ƙarfe da ƙananan motocin da yara ke hawa a wuraren wasa. Amma duk inda kuɗi ya fita daga hannun wani ya shiga hannun wani, to akwai hukunci a wurin, kuma duk magidancin da ya taɓa kai iyalinsa irin wannan wuri ranar Salla ya san ba ƙaramin abu ke fita daga aljihu ba. Ga yadda mas'alar take: mai wuri ya yanka kuɗi ɗaya a bakin ƙofa, wanda ya haɗa shiga da hawan kowane abin wasa. Sai ga tsohuwa ta rako jikokinta, ba abin da za ta hau, inuwa kawai za ta nema ta zauna. Aka ce ta biya daidai da saurayin da zai wuni yana sauka daga wannan yana hawan wancan. Shin an yi mata adalci?

Ya kamata mu fara sanin cewa wannan tsari ba shi kaɗai ne a duniya ba. A birnin Biyana na ƙasar Austiriya akwai tsohon filin wasa da ake kira Prater, shiga kyauta ne, sai wanda zai hau abu ya biya kuɗin abin da ya hau. A lambun Tivoli na Kofanhegan, wanda aka buɗe tun 1843, ana biyan kuɗin ƙofa, kuɗin hawa kuma daban. Shi kansa Disneyland na Amurka, da aka buɗe shi a 1955, babba dalar Amurka 1 yake biya ya shiga (ba dalarmu ta sefa biyar ba), sannan a sayi tikitin hawa daban, mai araha da mai tsada, gwargwadon girman abin. Sai a 1982 aka soke tikitocin hawa aka mayar da komi ga ƙofa, har ta kai kuɗin shiga na wuni ɗaya ya haura dalar Amurka 100, ko ka hau ko ba ka hau ba.

Me ya sa mai wuri ya fi son kuɗin ƙofa? Wani masanin tattalin arziki mai suna Walter Oi ya bayyana dalilin a wata maƙala da ya rubuta a 1971 a kan Disneyland ɗin nan. Ɗora yaro ɗaya a kan lilon da dama yana juyawa kusan ba ya ƙara wa mai wuri wata ɗawainiya. Saboda haka, idan ba shi da abokin gasa, abin da ya fi masa riba shi ne ya rahusa hawa, ko ya mayar da shi kyauta, sannan ya tattara dukkan abin da mutum zai iya biya ya karɓa tun a ƙofa. Wannan lissafin riba ne, kuma neman riba halal ne. Mu tambayarmu daban ce.

Ta fuskar fiƙihu, wannan ciniki ijara ce, wato sayen amfani ba sayen kaya ba, kuma sharaɗinta a san lada, a san amfanin da aka saya. Wani zai ce ai a nan ba a san amfanin ba, tun da wani zai hau sau ashirin, wani sau biyu, ga shi kuma hani ya tabbata a hadisi game da cinikin garari, wato cinikin da ba a san makomarsa ba. To, magabata sun riga sun gamu da irin wannan a gidajen wanka na kuɗi da suka yawaita a biranen Musulunci. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya ambata a sharhinsa na Sahihu Muslim cewa malamai sun haɗu a kan halaccin shiga gidan wanka da lada, alhali mutane sun bambanta wajen yawan ruwan da suke zubarwa da tsawon zamansu. Haka Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1388, ya kawo wannan misali a littafinsa Al-I'itisam a babin istihsani: garari ne ɗan kaɗan, al'ada ta yafe shi, kuma tsananta bincike a kansa ƙuntatawa ne. Kenan kuɗi ɗaya a ƙofa ciniki ne ingantacce, matuƙar an bayyana shi a fili kafin mutum ya miƙa kuɗinsa.

Amma fa ingancin ciniki abu ɗaya ne, adalci a cikinsa wani abu ne. Mu duba misalin gidan wankan da kyau. Duk wanda ya shiga, wanka ya kai shi; bambancin yana cikin yawa da ƙaranci, kuma ba a san shi ba sai bayan an shiga. Tsohuwar nan kuwa tun a bakin ƙofa an san ba za ta hau ba. Ita ta sani, mai sayar da tikiti ya sani. A nan babu wani rashin sani da za a yafe. Akwai amfanin da aka sayar wa wadda kowa ya tabbata ba za ta karɓa ba. Abin ya fi muni a kan wanda dokar wurin ce da kanta ta hana shi hawa: mace mai ciki, da mai ciwon zuciya, da yaron da tsawonsa bai kai ma'auni ba. Hanin daidai ne, domin tsare rai ne. Amma yaya za ka karɓi kuɗin abu da hannun dama, ka hana abin da hannun hagu?

Sannan akwai maganar yarda. Gaskiya ne lilo ba hatsi ba ne, ba magani ba ne, wanda ya ga ya yi masa tsada yana iya zamansa a gida, kuma ba mu ce hukuma ta yanka wa ɗan kasuwa farashi a kan abin nishaɗi ba. Sai dai uwar da ta rako yaro ba nishaɗi ya kawo ta ba, amana ce ta kawo ta. Sau da yawa ma mai wurin ne ya shar'anta cewa ƙaramin yaro ba zai shiga ba sai da babba. To wannan babban, wa yake yi wa aiki? Shi ke riƙe yaro kada ya ɓace cikin taro, shi ke hana shi kusantar inji, shi ke raba faɗa. Aikin mai gadi yake yi, ba a biya shi ba, sai ma aka ce ya biya cikakken kuɗi. Sakamakon da ake gani kuwa sananne ne: idan kuɗi bai isa ba, babba ne ke tsayawa a waje, a damƙa ƴan shekara biyar a hannun ɗan shekara goma sha biyu.

Ba mu ce mai rakiya ya shiga kyauta dole ba. Yana amfana da inuwa da kujera da makewayi da tsaro, ana share wurin dominsa, ana kunna masa fitila. Waɗannan suna da lada, kuma mai wuri yana da haƙƙin karɓa. Ga kuma bambanci tsakanin wurin hawa da wurin kallo. A gidan tarihi na ƙasa mai sunan Boubou Hama a Yamai, inda yara ke cika ranakun Salla, kaka tana ganin zaki da dorina kamar yadda jikanta ke gani; kuɗin ƙofa a can kuɗin kallo ne, kowa ya samu abin da ya biya. Wurin lilo ne ke buƙatar a raba: ɗan kuɗi kaɗan na shiga ga kowa, kuɗin hawa kuma ga mai hawa.

Masu wurare suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, kuma a kanmu take. Suna cewa idan aka rage wa mai rakiya, rabin masu shiga za su ce su ƴan rakiya ne, sannan a gan su a kan lilo. Abin kunya ne, amma ba ƙarya suka yi ba. Akwai uban da zai rage wa ɗansa shekaru a gaban mai tikiti, yaron yana ji, akwai masu miƙa tikiti ta saman katanga ga wanda ke waje. Wanda ya aikata haka ya ci amfanin da bai biya ba, ya koya wa yaro ƙarya a ranar idi, kuma shi ne ya jawo aka tsananta wa tsohuwar da ba ruwanta. Duk da haka, laifin maƙaryaci ba ya halatta a ɗora wa mai gaskiya tara. Maganin abin yana hannu, ba ya da tsada: abin ɗaurawa a hannu mai launi ɗaya ga mai hawa, wani launi ga mai rakiya, ma'aikaci a bakin kowane lilo yana dubawa, dama kuma dole akwai shi a wurin domin kunna inji da kashe shi.

Idan kuwa wurin na magajin gari ne ko na gwamnati, an gina shi a filin jama'a da kuɗin haraji, to nauyin ya ƙaru, domin tsohuwar da ke tsaye a ƙofa tana cikin masu wurin. Muna kira ga masu riƙe da irin waɗannan wurare su rubuta farashi da manyan baƙaƙe a waje, da Hausa da Faransanci, a inda uba zai karanta ya yi lissafinsa tun yara ba su hango lilo ba. Kada a ƙara kuɗi ranar Salla ba tare da sanarwa ba. Kuma a bar babba ɗaya ya shiga da kowane ayarin ƙananan yara a kan kuɗin inuwa kawai.