TUKUICIN YARON MAI ABINCI: NASA NE KO NA UBANGIDANSA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa yada zango a tashar Gwarzo, ko ya tsaya cin tuwo a Kabo, ko ya ci kasuwar Getso, ya san yaran nan masu kai kwano da ɗebo ruwa da wanke-wanke. Sau da yawa matafiyi yakan ƙoshi, ya miƙa kuɗi, ya ce wa yaro ya riƙe canji. Wannan shi ne tukuici. To, amma da almuru, in an zo sallamar yaro, sai wani ubangidan ya ce ai yau ya samu a hannun baƙi, ya zabge masa lada, ko ma ya hana shi ɗungum. Abin da ake so a bincika shi ne ko Shari'a ta yarda da wannan.

Maganar ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. A Amurka tukuici ya zama ruwan dare a gidajen abinci, har hukuma ta sa masa ido. Can mai gida yana biyan kashi 7.65 cikin ɗari a kan abin da ma'aikacinsa ya samu, domin asusun tsufa da na magani, kuma ana lissafa har da tukuicin. Masu gidajen suka yi kukan cewa ana cajinsu a kan kuɗin da bai shiga aljihunsu ba, sai a 1993 aka yi dokar da ta ba su damar cire akasarin wannan kuɗi daga harajin ribarsu. Watau hukuma ta ɗauke wa mai gida nauyi, shi kuwa ya bayyana gaskiyar abin da yaransa suka samu, a rubuta musu don ranar tsufa. A 2018 aka ƙara da hana mai gida riƙe tukuicin ma'aikaci, Ingila ma ta soma aiki da irin wannan hani a watan Oktoba na 2024.

A Gwarzo da Kabo kuwa hannun hukuma bai kai nan ba. An tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000 a 2024, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wace mai tuwo ce kuwa ke da yara 25? Sabuwar dokar haraji ta 2025 kuma ta yafe Naira 800,000 na farko a abin da mutum ya samu a shekara, saboda haka tukuicin ɗan wanke-wanke ba ya gaban mai karɓar haraji. Ba mai duba littafi, ba ma littafin. Ya rage tsakanin ubangida da Ubangijinsa.

Malaman Malikiyya ba su bar wannan babi a duhu ba. Ibnu Abi Zaid ya nuna a cikin Risala cewa ijara tana inganta ne in an yanke lokaci, an kuma ambaci lada. Haka aka yi da Annabi Musa a Madyana, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas: an faɗa masa shekarun da zai yi, an faɗa masa abin da zai samu. Tukuici kuwa ba a san yawansa ba, yau akwai, gobe babu. Wanda ya ɗauki yaro a kan cewa abin da baƙi suka ba shi ne ladansa ya ƙulla ijara a kan jahilci. Wanda ya ambaci lada tun farko sa'an nan ya zabge, laifinsa ya fi muni, domin Buhari ya ruwaito cewa cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar Alƙiyama akwai wanda ya sa aka yi masa aiki cif, ya ƙi biya.

Wani ubangidan yakan kafa hujja da labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana ware wani abu cewa kyautarsa ce, Manzon Allah (S.A.W.) ya yi inkarin haka a kan mumbari. Sai ya ce shi ma yaron ba don rumfarsa ba wa zai ba shi? Lalle hadisin ya inganta, amma an aza shi inda bai zauna ba. Wancan wakilin hukuma ne, mai ikon ya tsananta ko ya sassauta, kyautarsa toshiya ce. Yaron da ya kawo ruwan wanke hannu ba shi da ikon kome, mai bayarwa kuma shi ya nufa. In ji malamai, kyauta tana bin niyyar mai ita.

Sai dai shi ma yaron akwai nasa. In ya ga mai sakin hannu ya ƙara masa tsoka biyu daga tukunyar uwar ɗakinsa ba da izini ba, ko ya bar talaka yana jira don ya san ba zai ba shi kome ba, to abin da ya karɓa ya gurɓata, ya shiga cin amana. Roƙon tukuici da naci ma ba halin mumini ba ne.

Wani sabon al'amari ya ɓullo tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, lokacin da har masu shayi suka koma karɓar kuɗi ta waya. Baƙo yakan tura dubu biyu alhali cinikinsa dubu ɗaya da ɗari takwas ne, ya ce ragowar ta yaro ce, ya shiga mota ya nufi Dayi. Kuɗin ya faɗa asusun mai gida, yaro bai gani ba, wataƙila ma bai ji ba. Wannan ɗari biyu ajiya ce a hannun mai asusun, ba ta cikin cinikin ranar. Wajibi ne ya ciro ta ya danƙa wa mai ita ban da ladansa, in kuwa an ce ta yara ce duka, a raba ta har da wanda ke bayan rumfa yana wanke tukwane.