IDAN BASINE YA GAYYACE KA WALIMAR AURE

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, wani ɗan'uwa daga Sabon Gida ya kawo mana tambaya. Ɗansa yana saro kaya a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, sai abokin cinikinsa, wanda ba Musulmi ba ne, ya gayyace shi auren ƴarsa. Ya je ko ya ƙi?

Iyayenmu ba su san wannan tambaya ba, mu kuwa ta iso mu har gida. Tun da aka buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011, aka kuma shimfiɗa bututun mai daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, wanda ya fara aiki a 2024, Sinawa, waɗanda muke kira Shinuwa, sun zama abokan aikin samarinmu. Wanda kuka yi shekaru kuna hulɗa kuwa, wata rana zai kira ka buki.

Mu sani, Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba; aya ta 8 cikin Suratul Mumtahana ta bayyana haka. Manzon Allah (SAW) ya umurci Asma'u ƴar Abubakar ta sada zumunci da mahaifiyarta alhali tana mushirika, shi da kansa kuma ya karɓi kyautar Muƙauƙisu sarkin Masar. Malamai sun ce wajabcin amsa walima na gayyatar Musulmi ne. Ta waninsa kuwa ba ta wajaba ba, amma ta halatta idan akwai maslaha. Ko a gayyatar Musulmin ma, mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya gindaya sharaɗin kada a sami munkari bayyananne a wurin, ya kuma bar wa baƙo zaɓi ya ci ko ya bari.

To me baƙo zai tarar? Sinawa suna ɗaukar ja launin farin ciki, fari kuwa na makoki ne a al'adarsu, don haka farar rigar da muke taƙama da ita ranar Juma'a a bar ta a akwati. Gudummuwa kuɗi ne cikin jar ambulan, kamar yadda muke yi wa juna buki, sai dai suna ƙin lamba 4 saboda furucinta ya yi kama da kalmar mutuwa a harshensu. Mu mun san wannan camfi ne, lamba ba ta kashe kowa. Amma kauce wa abin da zai sosa ran mai gida ba imani da camfinsa ba ne.

Wahalar tana kan tebur. A kudancin Sin, inda Guangzhou take, gasasshen ɗan alade yana cikin abincin girmamawa na walimar aure. Sauran naman ma ba yankan Musulmi ba ne, mafi yawan Sinawa kuma ba Ahlul Kitabi ba ne balle aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta shafi yankansu. Kada wani ya ce zai tsaya ga kifi da ganye, domin sau da yawa da giyar shinkafa ko kitsen alade ake dafa su. Sa'an nan ango da amarya suna zagayawa tebur tebur ana ɗaga kofin giya. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya hana mai imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya, ko da shi bai sha ba. Nan ne kunya take kayar da samarinmu, mutum ya ce don kada a ji haushinsa.

Abin da muka faɗa wa mai tambaya shi ne, ɗansa ya yi magana da mai gayyata tun kafin ranar, kada ya bari sai an ajiye kwano gabansa. Sinawa sun san Musulunci. Ƙabilar Hui miliyoyin Musulmi ne, masallacin Huaisheng na Guangzhou yana cikin mafi daɗewa a ƙasar, kuma akwai gidajen abincin halal masu alamar da suke kira qingzhen. Idan mai gida ya keɓe masa tebur marar giya da abinci daga can, ya zauna. Idan hakan bai samu ba, ya je da wuri, ya taya murna a bakin ƙofa inda ango da amarya suke tarbar baƙi, ya miƙa ambulan ɗinsa, ya yi sallama kafin a zauna cin abinci. In kuwa an kai shi gida inda ake ƙona turare ana rusunawa gaban allunan kakanni, ya ja gefe cikin ladabi, domin ruku'u da sujada na Allah ne Shi kaɗai. Kuma tun da walimarsu takan kama da maraice, ya san inda zai sallaci Magariba kafin ya fito daga masauki.

Allah ne Mafi sani.