Hakkin Naƙasassun Ɗalibai a Kanmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa matasa, duk muna karanta Suratu Abasa a salla, amma mu nawa ne ke tuna dalilin saukarta? Abdullahi bin Ummi Maktum (RA), makaho, shi ne ya zo neman ilimi alhali Manzon Allah yana ganawa da manyan Ƙuraishawa. Da bai sami kulawa nan take ba, sai Allah Ya saukar da wahayi saboda shi. Daga baya ya zama ladani tare da Bilalu, har akan bar masa limancin Madina.

To, mu fa? A kwalejoji da jami'o'i sai a kai lacca saman bene, gurgu na ƙasa da kekensa. Malami ya cika allo da rubutu bai furta ba, makaho na zaune. Mu kanmu, a ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi, mukan shirya wa'azi babu mai fassara wa kurame da hannu.

A nan Gana, Doka ta 715 ta shekarar 2006 ta ba da wa'adin shekara 10 a gyara gine-ginen jama'a domin naƙasassu. Amma doka ba ta karanta wa makaho littafi. Wannan aikinmu ne.

Mu malamai, mu riƙa furta abin da muka rubuta. Mu bari a naɗi muryarmu. Mu ba da takardun darasi da wuri don a mai da su rubutun makafi. Mu fuskanci kurma in muna magana, mu ƙara lokacin jarrabawa ga mai bukata. Ku ɗalibai, ku yi taronku a ƙasa, ku raba ranakun karanta wa ɗan'uwanku, ku sa shi cikin shura. Kafin komai, a tambaye shi abin da yake bukata, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Shaihu Abdul'aziz bin Baz ya makance yana kusan shekara 20, amma a 1970 ya zama shugaban Jami'ar Musulunci ta Madina. Irinsa nawa muka bari suna bara a bakin masallatan zango?

Wannan hakki ne, kuma za a tambaye mu gobe ƙiyama. Allah Ya sa mu dace, amin. Wassalamu alaikum.