Shin Lemon Tsami Yana Wanke Barasa?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, akwai wata shubuha da ta kamata mu warware, musamman saboda matasanmu masu neman abinci a otal-otal da gidajen cin abinci na baƙi. Ana umartarsu da su haɗa wa baƙo abin sha na lemon tsami da sukari da ƙanƙara, a zuba barasa a ciki. Sai wani ya ce: ai lemo ne, kuma ni ban sha ba.

Mu fara duba abin da kansa. Mafi shahara a irin wannan haɗi shi ne wanda ake kira Daikiri, sunan wani ƙauye kusa da birnin Santiyago a ƙasar Kuba, inda ya ɓullo wajen shekarar 1900. Kashi uku na barasar rake ne, kashi ɗaya na ruwan lemon tsami, da ɗan sukari, a girgiza da ƙanƙara. Ita wannan barasa, a galibi kashi 40 cikin 100 nata sinadarin maye ne tsantsa. Ashe ke nan lemon bai zo don ya rage ta ba. Ya zo ne don ya ɓoye zafinta, maƙogwaro ya karɓe ta ba tare da gardama ba.

Ba mu musun amfanin lemo. A shekarar 1747 wani likitan jiragen ruwan Ingila mai suna James Lind ya jarraba magunguna a kan matuƙa 12 masu fama da cutar da ke sa dasashi ya kumbura, haƙora su zube. Waɗanda aka ba lemo su ne suka fi saurin warkewa. Daga 1795 aka soma raba wa sojojin ruwan Ingila ruwan lemo, kuma sau da yawa a cikin barasa suke shan sa. To wane ne ya yi maganin? Lemon ne, saboda bitamin C da ke cikinsa. Barasa raɓewa kawai ta yi. Rundunar ma ta daina raba ta a 1970.

Alƙur'ani mai girma, a aya ta 219 ta Suratul Baƙara, bai ce giya ba ta da wani amfani ko kaɗan ba. Ya nuna cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta. Sannan aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta yi umarni da a nisance ta. Hadisi kuma ya tabbatar da cewa duk abin da yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

A nan malamanmu na Malikiyya suka bambanta gaurayawa da rikiɗewa. Idan giya ta juya ta zama khal, zatinta ya canza, mayenta ya tafi, sai ta tsarkaka. Amma wadda aka zuba wa lemo tana nan daram, riga kawai aka sanya mata. Kura ko ta yafa fatar akuya, haƙoranta suna nan.

Shi kuwa mai cewa bai sha ba, ya tuna cewa hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya lissafa mutum 10 da aka la'anta saboda giya, kuma mai ɗaukarta da mai shayar da ita suna cikinsu.

Mun san barin aiki a wannan zamani ba wasa ba ne, akwai iyali a baya. Don haka muke cewa: ya roƙi a sauya masa sashe, ya koma wajen girki ko tarbar baƙi, ya kuma dage da neman wani aikin. Mu kuma masu hali, nauyi ne a kanmu mu buɗe masa ƙofa, domin hani ba tare da taimako ba rabin nasiha ne. Ga zoɓo, ga tsamiya, ga lemon citta, duk sana'o'i ne na halal.

Mu auna zukatanmu da wannan ma'auni: riba da aka kira kyauta, da cin hanci da aka kira goro, duk barasa ce a cikin lemo.

Allah ya ciyar da mu halal, ya tsare zuriyarmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.