Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Tsakanin Kunya Da Jahilci

Bahaushe mutum ne mai kunya, kuma harshensa ya yi kama da shi. Idan magana ta zo kan abin da ke ƙarƙashin tufa, sai ya sakaya. Jinin haila ya zama "al'ada" ko "baƙon wata", saduwar miji da mata ta zama "kwanciyar aure", al'aura kuwa "gaba". Wannan ado ne, ba mu kuma son mu rabu da shi. To amma akwai tambayar da ta kamata mu marubuta mu yi wa kanmu: shin kunyar da ta hana mu faɗin abu gatsau, ita ce kuma ta hana mu saninsa? In har mutum ya cutu saboda kalmar da muka lulluɓe, alhakinsa a wuyan wa yake?

Mu fara da kalmar "sanyi". Mace ta ga ƙaiƙayi ko fitar farin ruwa, sai a ce sanyi ne. Namiji ya ji zafin fitsari da fitar mugunya, shi ma a ce sanyi ne. Alhali kuwa likitoci sun san cututtuka ne daban-daban. Wani ƙaiƙayin ba ta hanyar saduwa ake ɗaukarsa ba, yana samun ko budurwar da ba ta san namiji ba. Wani kuwa, kamar ciwon sanyi mai mugunya da tunjere, ta saduwa yake yaɗuwa, kuma maganin mutum ɗaya bai wadatar ba, sai miji da matansa duka sun sha. Da yake suna ɗaya muka ba su, sai a ɗora laifin kan masai ko ruwan randa, matar ta yi ta shan jiƙe-jiƙe, maigida yana sake shafa mata. Idan cutar ta daɗe ta toshe hanyar ƙwan haihuwa, sai a ce juya ce, a yi mata kishiya. Dubi inda kalma guda ta kai gida.

Haka "ƙanjamau". A 1986 aka fara ba da rahoton wannan cuta a Nijeriya, mutane kuma suka raɗa mata suna daga yadda take ƙanjamar da jiki, wasu ma suka kira ta "kabari kusa". Amma ɗaukar ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki daban, ƙanjamau daban. Ƙanjamau shi ne matakin ƙarshe, bayan garkuwa ta rushe. Tun daga 1996 aka sami haɗin magungunan da ke danne ƙwayar, ta yadda mai shan su a kan ƙa'ida zai iya yin tsawon rai, mace kuma ta haifi ɗa lafiyayye. Wanda ya ɗauka sunan cutarsa kabari ne, me zai kai shi gwaji? Marubucin da kullum yake kashe mai wannan cuta a babin ƙarshe don ya zama izina, ya manta da amaryar da ta same ta a ɗakin aurenta, da jaririn da aka haifa da ita.

Wadda ta fi nauyi ita ce "lalata". Sau da yawa mukan karanta cewa wani ƙato "ya yi lalata da" yarinya 'yar shekara tara. Wannan "da" ɗin ta mai da su abokan tarayya. Sunan abin fyaɗe. Zina da yardar biyu take, fyaɗe kuwa zalunci ne na ɗaya a kan ɗaya, shari'a ma ba ta ɗora haddi a kan wadda aka tilasta ba. Idan muka ce "an lalata ta", mun ɗauke ɓacin daga kan azzalumi mun aza wa wadda aka zalunta, shi ya sa iyaye ke rufe bakinsu, shi kuwa ya koma majalisa yana shan shayi.

Akwai kuma "mata-maza", wato wanda aka haifa da halittar da ba ta bayyana sarai ba, namiji ne ko mace. 'Yan unguwa kan haɗa shi da ɗan daudu su yi ta tsokana, alhali ɗaudanci ɗabi'a ce ta magana da tafiya da sana'a, wannan kuwa halitta ce da mai ita bai zaɓa ba. Malaman fiƙihu sun kira shi "hunsa", suka yi bayanin gadonsa, har ma da hukuncinsa aka rufe littafin Muhtasar na Shaihu Halil. Su ba su ga abin dariya ba, haƙƙi suka gani.

A nan wani zai ce, ai idan aka buɗe wannan ƙofa batsa za ta shigo, yara su lalace. Wannan tsoro yana da tushe, domin kuwa mun ga littattafan da suka fake da wayar da kai suna sayar da sha'awa. Sai dai bambancin a fili yake. Batsa tana kiran abu ne don ta motsa zuciya, ilimi kuwa don ya tsare jiki da mutunci. Ahalari da Ishmawi da Risala da muka karanta a zaure sun ambaci janaba da haila da jinin biƙi, Risala ta bambance maniyyi da maziyyi da wadiyyi, ba wanda ya ce malam ya yi rashin kunya. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Madina ne saboda kunya ba ta hana su tambayar addininsu ba. Yau kuwa muna ganin ɗaliba a aji ta fara haila tana kuka, ta zaci ciwo ne, kuma idan uwa da malama suka yi shiru, wayar hannu ba za ta yi shiru ba.

Saboda haka kunya tana cikin yadda aka faɗa, da wurin da aka faɗa, da wanda aka faɗa wa. Ba ta cikin rashin sani, wanda masu iya magana suka ce ya fi dare duhu. Marubuci na iya sakayawa, amma kada sakayarsa ta haɗa cuta biyu a suna ɗaya, ko ta haɗa mai laifi da mara laifi. Kafin mu rubuta irin waɗannan kalmomi, mu tambayi likita, mu tambayi malami, sannan mu tuna cewa cikin masu karatunmu akwai wadda abin yake a jikinta, tana neman sunansa.

Allah ya sa alƙalumanmu su zama magani, amin.