Waliyyi Kiristofa: Tsakanin Tarihi da Almara

Duk Fadan da ya jima a hidima ya san wannan tambaya. Direba ya kawo sabuwar mota a sa mata albarka, lambar Waliyyi Kiristofa na rataye a jikin madubi, sai ya rage murya ya ce ya ji wai Roma ta soke wannan waliyyi. Gaskiya ne?

Ba a soke shi ba. A shekarar 1969 Paparoma Bulus na Shida ya amince da sabuwar kalandar Ikkilisiya, aka cire idin Kiristofa na ranar 25 ga Yuli daga cikin waɗanda duk duniya za ta kiyaye, aka bar wa kowace ƙasa zaɓi. Sunansa yana nan cikin littafin shahidai na Roma. Abin da tarihi ya riƙe game da shi kaɗan ne: shahidi ne na Gabas, kuma tun tsakiyar ƙarni na 5 akwai majami'a mai sunansa a yankin Kalkidon, a ƙasar Turkiyya ta yau.

Sauran labarin kuwa ya yaɗu ne musamman ta littafin nan Legenda Aurea, wanda Yakubu na Boragine, ɗan ƙungiyar Dominikan, ya harhaɗa wajen 1260. A can ne ake ganin ƙaton da ya rantse ba zai bauta wa kowa ba sai sarkin da ya fi kowa. Ya bar wani sarki don ya ga yana tsoron Shaiɗan, ya bar Shaiɗan don ya ga yana gudun gicciye, ya koma bakin kogi yana haye da matafiya. Wani dare ya saɓi ƙaramin yaro, sai nauyi ya yi ta ƙaruwa har ruwa ya kusa cinye shi. Ashe Mahaliccin duniya ya ɗauka. Ma'anar sunan ke nan da Helenanci: mai ɗauke da Almasihu. Ga alama daga sunan labarin ya tsiro.

To, Fada zai ce wa direban ƙarya ce? A nan ne hidima take bukatar hikima. A 1521 harsashin igwa ya farfasa ƙafar wani soja, Ignatiyus na Loyola, a Famfalona ta ƙasar Sifen. Yana jinya ya nemi littattafan jarumta, ba a samu ba, aka ba shi tarihin Almasihu da fassarar wannan littafi na waliyyai. Daga kan wannan gado tubarsa ta faro. Abin mamaki, 'ya'yan ƙungiyar da ya kafa, wato Jesuit, su ne suka ɗauki rariya: Yohanna Bolland da abokin aikinsa sun fitar da kundin farko na Acta Sanctorum a 1643, suna rairaye tsaba daga tsakuwa. Ba su yi haka don raini ba. Sun san bangaskiyar da ta jingina ga abin da bai auku ba takan rushe ran da mai ita ya yi karatu, kuma matasa da yawa ta nan suka fita.

Saboda haka Fada mai aminci yakan faɗa wa direban duka biyun: shahidin na gaske ne, kogin kuwa misali ne, irin wanda Ubangiji ya koyar a Matiyu 25 game da mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa. Ya kuma tuna masa cewa lambar ba laya ba ce, ba ta gyara birki. Sa'an nan ya yayyafa ruwa mai tsarki, ya yi addu'a domin fasinjojin da za su zauna a kujerun baya.