Wa Zai Biya Bashin Hayaƙi?

Wata ranar Asabar aka tara mu matan unguwa a gidan mai unguwa, wai an zo wayar mana da kai. Wata yarinya 'yar boko mai ladabi ta miƙe ta yi ta bayani a kan ɗumamar yanayi. Ta ce itacen da muke hurawa da gawayin da muke saye suna cikin abin da ke ƙona duniya, don haka mu koma girki da gas. Kowa ta yi tsit. Can sai Iya mai ƙosai ta gyara zama ta ce, "'Yar nan, murhuna mai duwatsu uku shi ya ƙona duniya? Su masu jiragen sama fa, an je gidajensu an gaya musu?"

Aka kwashe da dariya, har ita yarinyar. Ni kuwa da tambayar na kwana.

'Yar uwa, bari in fara da gaskiyar yarinyar, don ba ƙarya ta yi ba. Duk lokacin da aka ƙona kwal ko fetur ko gas, wata iska da ake kira kabon tana tashi sama ta taru, ta lulluɓe duniya kamar bargo. Zafin rana ya shigo, ba ya samun fita duka. Kuma ba irin hayaƙin kicin ba ce da ke washewa kafin la'asar, wani sashe nata yakan yi ɗaruruwan shekaru. Iska mai zafi tana ɗaukar ruwa da yawa, shi ya sa sai a yi ta jiran damina, in ta zo kuma ta zo da hauka. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri har cikin ɗakunan kwana.

To amma wa ya saƙa bargon? Afirka gaba ɗayanta ba ta wuce kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ake fitarwa ba. Ingila ta fara ƙona kwal a masana'antu fiye da shekara 200 da suka wuce. In aka tara na da da na yanzu, babu ƙasar da ta kai Amurka, ko da yake a lissafin shekara-shekara Sin ce a gaba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi kenan.

Su ma sun sani, shi ya sa ake ta taro. An zauna a Riyo a 1992 an yarda cewa nauyin na kowa ne amma ba daidai yake ba. An zauna a Kiyoto a 1997, Amurka ba ta tabbatar da yarjejeniyar ba. A Kopenhagen a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara ga matalauta daga 2020, ba a cika ba sai 2022, kuma kaso mai tsoka rance ne ba kyauta ba. Ki ji fa, a rusa miki katanga sannan a ranta miki kuɗin gyara. A Faris a 2015 aka amince a yi ƙoƙari kada ƙarin zafi ya wuce digiri 1.5. Donald Trump ya fitar da Amurka, Joe Biden ya mayar da ita a 2021, Trump ya dawo a 2025 ya sake sa hannu a fita. Sai ka ce mai yaji, yau tana ɗaki gobe tana gidansu.

Hujjar da suke kawowa ita ce ta fi tsaya mini a rai, don ba ta banza ba ce. Baturen yau zai ce, "Kakana ne ya ƙona kwal, kuma bai san yana ɓarna ba. Yaya za a kama ni da laifin da aka yi tun ba a haife ni ba?" Na juya maganar na ga akwai ƙanshin gaskiya. Mu ma ba ma yarda a zagi yarinya don abin da uwarta ta yi.

Sai na tuna rasuwar kawuna. Kafin a ba kowa ko tsinke sai da aka kira masu bin bashi aka sallame su, abin da ya rage aka raba. Babu wanda ya ce 'ya'yan kawu masu laifi ne, amma ba za su ɗauki gida da gona su ce bashin ba ruwansu ba. Tituna da asibitoci da wutar da ba ta ɗaukewa a Turai gado ne, da hayaƙin nan aka gina su. Balle ma uzurin rashin sani ya ƙare tun 1992, kuma wajen rabin hayaƙin bayan nan aka fitar da shi.

Inda na rabu da Iya kaɗan shi ne, ba na jin gaskiyarta ta wanke mu tas. Hayaƙin itace ƙirjinmu da na goyonmu yake fara ci kafin ya je ko'ina. Dajin da ake sarewa ana gawayi namu ne, ba Bature ne zai rasa inuwa ba. Ledar da muke cusawa a kwata ita ke juyo da ruwa ɗakinmu. Ƙasarmu ma ta yi shekaru tana ƙona gas a banza a yankin Neja Dalta, mu kuwa muna nan muna fifita murhu.

Na ce da maigida ya cika mana tukunyar gas ƙarshen wata. Ya tambayo farashi ya dawo, bai ce uffan ba, sai ga yaro ya shigo da buhun gawayi a baro. Na karɓa na ajiye a bayan kicin, na tura a sayo mini ashana wajen Iya.